Tambayi Masta: An jawo mana faiba, ga modem da rauta daga Amurka, wanne za mu haɗa da wanne?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso shagona a Adum, cikin Kumasi, wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya: sabon layin intanet ya shigo gida, akwatuna sun taru a kan tebur, wayoyi sun cakuɗe. Ta Alhaji na sa a gaba, na kuma ba ta wuri sosai, domin amsarta ta shafi yawancin sauran.

TAMBAYA: Masta, sannu da aiki. Gidana yana Aboabo, ginin zango ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida. Ni ina bene ta gaba, uwargida da yara suna ƙasa can ƙarshen gida. Da rauta mai sim muke amfani. Watan jiya kamfani ya jawo mana faiba, suka kafa akwatinsu a falona. A falo abin sai wanda ya gani, amma a sashen uwargida ko sanda ɗaya waya ba ta kamawa. Ɗana da ke Bronx ya aiko da akwati biyu, ya ce ɗaya modem ne ɗaya rauta, in cire na kamfani in sa su. Jikana ya duba bayan modem ɗin bai ga inda zaren faiba zai shiga ba, sai wani ɗan ƙarfe zagayayye mai murɗi. Yaya za mu yi? — Alhaji, Aboabo

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya yi wa yaron albarka. Rabin kyautarsa zai yi muku aiki, rabi kuma sai dai a ajiye.

Wanda za a ajiye shi ne modem ɗin. Wannan ƙarfe mai murɗi da jikanku ya gani irin wanda ake ɗaura wayar dish ne a bayan dikoda, kuma yana nuna modem ne na layin kebul na talabijin, hanyar da gidaje da yawa a Amurka ke samun intanet. Aikin modem shi ne ya karɓi abin da ya zo ta layin kamfani ya juya shi yadda kwamfuta za ta gane, don haka kowane irin layi da nasa: na wayar tarho daban, na sim daban, na kebul daban, na faiba daban. Faiba zaren gilashi ne, haske ke tafiya a cikinsa, ba shi da mashiga a jikin wancan akwati. Ko akwatin faiba kuka sayo a kasuwa ba zai tashi haka kawai ba, saboda kamfani yana rajistar lambar akwatin da ya kafa muku, wanda bai sani ba kuwa ba ya buɗe masa layi. Na kamfani yana nan inda yake, kada a taɓa shi.

Rautar kuma za ta yi aiki. Amma kafin a kai ta soket, a karanta ƙananan rubutun da ke jikin cajarta. In an ga 100–240V, lafiya lau, sai a sayo ɗan adafta da zai karɓi ƙafafunta biyu ya shiga soket ɗinmu mai ƙafa uku. In 120V kaɗai aka rubuta, kada a kuskura. Wutarmu ta Ghana 230 ce, nan take za ta ƙone. Sai a nemo wata caja mai fitar da daidai abin da aka rubuta a ƙarƙashin rautar.

To ga inda maganar take. Akwatin da kamfani ya kafa muku, tunda yana ba da waifai, modem ne da rauta a jiki ɗaya. Ita rauta aikinta rabo. Duk waya ko talabijin ko kwamfuta da ta shigo sai ta ba ta adireshi, lamba irin 192.168.1.5, don saƙon kowa ya same shi. Idan kuka ƙara ta ɗanku yadda ta fito daga kwali, masu rabo sun zama biyu a gida ɗaya. Ku ɗauka gidan haya ne, mai gida yana ba 'yan haya lambar ɗaki, wakilinsa ma yana bayarwa, kowa da littafinsa, ba mai duba na wani. Ba za a jima ba za a ga mutum biyu a ƙofa ɗaya, wani kuma a kawo masa saƙo a rasa ɗakinsa. Haka ake yi idan aka haɗa ramin LAN na wannan da ramin LAN na waccan, wato ramukan baya da ake sa wayar na'urorin cikin gida, ba a kashe rabon ɗaya ba. Yau intanet ya yi, gobe waya ta nuna ta kama waifai amma ba abin da ke buɗewa, a yi ta kiran kamfani alhali matsalar tana kan tebur.

Idan kuwa aka sa wayar a ramin WAN na sabuwar rautar, wato inda intanet ke shigo mata, wanda galibi launinsa ya bambanta da na sauran, intanet zai zo. WhatsApp zai yi, YouTube zai yi, kuma gidaje da yawa a haka suke zaune. Sai dai gidan ya rabu biyu ke nan: wayar da ke kan akwatin kamfani ba za ta ga firinta ko talabijin da ke kan sabuwar ba.

Hanyar gyara biyu ce, kuma duk inda suka nufa ɗaya ne, mai rabo ya zama guda. Ta farko, a bar wa akwatin kamfani rabon, sabuwar rauta ta zama mai yaɗa waifai kawai. A cikin saiti ana rubuta wannan Access Point. Ta biyu, a mayar da akwatin kamfani modem zalla, abin da suke rubutawa Bridge, a miƙa wa sabuwar komai. Wannan sai da hannun kamfani, wani lokaci ma sai sun ba ku suna da kalmar sirri na layin. Ofisoshi nake yi wa ita. Ku ta farko ce taku, domin damuwarku nisa ce kawai, kuma ranar da layi ya sami matsala ma'aikatansu za su tarar da akwatinsu yadda suka bar shi, ba za a tsaya gardamar wa ya taɓa mene ba.

Ku miƙa wa jikanku mujallar nan, wannan sashen nasa ne.

Ɗana, kunna sabuwar rautar ita kaɗai, kada ka haɗa ta da komai tukuna. In an taɓa amfani da ita a can, sa tsinke a ɗan ramin da aka rubuta Reset ka danne kamar daƙiƙa 10, har fitilun su ɗauke su dawo. A ƙarƙashinta akwai takarda manne mai ɗauke da sunan waifai ɗinta, da kalmar sirri, da adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Haɗa wayarka da ita, buɗe burauza, rubuta adireshin. Da ka shiga, fara canja kalmar sirrin shiga saiti. Daban take da ta waifai, kuma ita ce makullin rautar gaba ɗaya. Sannan nemi inda aka rubuta Operation Mode ko makamancinsa, ka zaɓi Access Point. Rautocin TP-Link da Asus da Netgear na 'yan shekarun nan suna da shi. Wasu kuma ba sa buɗewa sai da manhajarsu a waya, in irinsu ce kuma tana ɗaure da asusun wanda ya aiko ta, sai ya kwance ta daga can tukuna.

In ka duba ba ka ga Access Point ba, da hannu za ka yi. Nemo adireshin akwatin kamfani. A ce 192.168.100.1 ne, kamar yadda yake a akwatunan Huawei da yawa. Ba sabuwar rautar lamba daga wannan layi amma ta can ƙarshe, kamar 192.168.100.250, inda rabo ba ya saurin kaiwa. Kashe DHCP ɗinta, shi ne rabon adireshin, ka ajiye saitin. Daga nan waya ta fito daga LAN na akwatin kamfani ta shiga LAN na sabuwar, ramin WAN a bar shi ba komai. Rubuta sabon adireshin a takarda ka manna a ƙarƙashinta, wata rana za a neme shi. Sunan waifai da kalmar sirri kuma ka sa iri ɗaya sak da na akwatin kamfani, ta yadda kakanka zai sauko daga bene wayarsa ta koma kan na kusa da kanta.

Alhaji, na dawo gare ku, domin nan ne kuɗi zai fita. Idan aka ajiye sabuwar rautar kusa da akwatin kamfani a falo, ba a yi komai ba. Sashen uwargida za ta tafi, kuma da waya za a kai ta. Abin da ke cinye waifai a gidajenmu shi ne bangon bulo, da kankaren bene mai rodi a ciki, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa da ke tsakar gida. Masu sayarwa za su nuna muku rauta mai ƙahoni shida ko takwas su ce tana huda bango. Ko da ta huda, ita ma wayar hannu sai ta mayar da amsa, ƙarfinta kuma kaɗan ne, a nan ake tsayawa. Shi ya sa a ginin zango nake fifita jan wayar LAN mai araha a kan akwati mai tsada.

Wayar da za ku nema ita ce Cat5e ko Cat6. Kowacce tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, gidanku kuma bai kai haka ba. A wajen masu kayan kwamfuta a Adum ana yanka ta da mita, a matse mata kai biyu. Ku ce a kankare muku bakin zare ɗaya da reza: in ciki ja ne har can, tagulla ce, in fari ya leƙo, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, yana saurin karyewa, ku bar musu. Tunda za ta bi ta waje, a sa ta cikin bututun roba, rana da ruwa da ɓera duk abokan gabarta ne, kuma kada a ɗaure ta tare da wayar wuta. Akwai ƙananan na'urori da ake maƙalawa a soket su kamo waifai su sake yaɗawa ba tare da waya ba. Ba na son su a gida irin naku. Masu arahar suna rage gudu wajen rabi, kuma abin da suka kamo mai rauni shi za su yaɗa.

A can sashen, a ɗora rautar sama, ta wuce kan mutum, a fili. Ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba, ba kan firiji ba. Za ku ga tana ba da zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma bango ɗaya biyu ya gaji. Na 2.4 ya fi nisa, sai dai a unguwa mai cunkoso irin Aboabo kowa a kansa yake. Tashoshinsa da ba sa hawa kan juna uku ne, 1 da 6 da 11, sai jikanku ya sa akwatin kamfani a ɗaya, sabuwar a wata.

Tsohuwar rauta mai sim kuma kada a bayar. A cire ta daga cikin haɗin, a ajiye da sim ɗinta, a riƙa ɗan amfani da layin don kada ya mutu. Ranar da babbar mota ta tsinke faiba a kan titi, ita za ta riƙe ku.

TAMBAYA: Masta, ina da shagon fotokofi da buga takardu. Na canja daga ƙaramar rauta mai sim zuwa sabuwa babba. Intanet ya fi da, amma firinta ta daina karɓar aiki daga waya, kyamarorin shagon kuma ba na ganinsu daga gida. — Mai shago, Asawase

AMSA: Ɗan'uwa, ba abin da ya lalace. Firintarka tana nan tana neman tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba sabon waifai sunan tsohon da kalmar sirrinsa, harafi da harafi, manyan baƙaƙe da ƙanana yadda suke. Duk abin da ya san tsohon zai hau sabon da kansa. In ta ƙi duk da haka, duba abu biyu. Firintoci da kyamarori da yawa 2.4 kaɗai suke ji, ka tabbata a kunne yake. Sannan tsarin tsaro: WPA3 ya fito a 2018, tsofaffin na'urori ba su san shi ba, WPA2 suka sani. Zaɓi wanda ya haɗa biyun, ko WPA2 kaɗai in firintar ta dage.

Kyamarori kuma zargina yana kan akwatin da ke naɗar hotunan. Masu kafawa sukan rubuta masa adireshi da hannu. Ƙananan rautoci masu sim na Huawei suna raba lambobi masu farawa da 192.168.8, sabuwar taka kuma mai yiwuwa 192.168.0 ko 192.168.1 take bayarwa, shi kuwa akwatin yana riƙe da tsohuwar lambarsa. Haɗa masa allo da linzami, shiga saitin Network, kunna DHCP, kashe shi ka kunna. In da manhajar kamfanin kyamarar kake kallo, wadda aka haɗa ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR, zai dawo a take. In kuwa wanda ya kafa maka ya buɗe ƙofa ce a cikin tsohuwar rautar don a shigo daga waje, sai an sake yi a sabuwar, kuma ba ya yiwuwa a layin da kamfani ya haɗa masu saye da yawa a kan adireshin waje guda, kamar yadda aka saba a layukan sim. A nan manhajar ita ce mafita. Kuma don Allah, tunda ka shiga saitin, canja kalmar sirrin akwatin kyamarar in har yanzu wadda ya zo da ita ce. Shagonka da aljihun teburinka ne a cikin hoton.

TAMBAYA: Yaya Masta, mun haɗa kuɗi a hostal mun sayi layi mai gudun 50, amma in ina sauke fayil 6 nake gani. An cuce mu ne? — Ɗalibi a jami'ar KNUST, Kumasi

AMSA: Ƙanena, ba a cuce ku ba. Kamfani da megabit yake sayarwa, kwamfutarka kuma megabait take nunawa, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Raba 50 da 8, ka sami 6 da 'yan kai. Cikakken abin da kuka biya ke nan. In kana son gwaji na gaskiya, haɗa laftof da akwatin da waya, kowa ya sauka, ka buɗe fast.com ko Speedtest. Gwaji ta waifai daga ɗaki na uku bango kake aunawa. Abu ɗaya ka riƙe don gaba: rautoci masu araha ramukansu a megabit 100 suke tsayawa. Ranar da kuka hau layin da ya wuce haka, ku nemi wadda aka rubuta Gigabit a kwalinta.

TAMBAYA: Masta, ɗiyata ta sa mini sabon intanet a gida don mu riƙa gaisawa ta bidiyo. Da ni da jikoki uku ne kawai, amma kafin rabin wata data ta ƙare. Da yamma ina ganin samari suna zama a dakalin ƙofar gidana da wayoyi. Ba na son faɗa da maƙwabta. — Hajiya, Nima, Accra

AMSA: Hajiya, Allah ya ja kwana. Na ji daɗin yadda kuka rufe wasiƙar, domin a zango bangon wani shi ne na wani, kuma mutumin da kuka kora yau shi zai ɗauki gawa gobe.

Da wuya a ce samarin nan sun fasa muku tsaro ne. Kalmar sirri ba a cika sace ta ba, ba da ita ake yi. Wayoyin Android na yanzu suna nuna lambar QR ta waifai ɗin da suke kai, aboki ya ɗauka da kyamararsa ya hau, ko kalmar bai gani ba. iPhone ma tana miƙa wa 'yar'uwarta. Jika ɗaya ya ba abokinsa ɗaya, kafin Juma'a layin gaba ɗaya ya samu. Bidiyo kuma shi ne mai cin data. Netflix da kansu sun ce kallo mai kyawun hoto yana iya cin giga 3 a awa guda. Ku lissafa samari biyar kowace yamma.

Amma kada a ɗora wa na waje duka. Waya in ta ji waifai sai ta saki jiki: ta sabunta manhajoji, ta tura hotuna ma'ajiya, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka watsa a zaurukan biki da na makaranta. Wannan a wayoyin jikokinku ma yana faruwa, kuma ana iya kashe shi a saitin kowace waya.

Ga abin da nake so a yi muku. A samu mai hankali ɗaya ya shiga saitin akwatin ya duba jerin na'urorin da ke kai, za ku ga adadin da idonku. A canja kalmar sirri zuwa doguwa, kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ba lambar wayarku ba, ba sunan jika ba. A kashe WPS, wato maɓallin da ke bari a hau waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Wannan babbar kalma ta zauna a wayarku ku kaɗai. Sannan a kunna waifai na baƙi, abin da ake rubutawa Guest, da nasa suna da tasa kalmar, a sa jikoki a kai. Rautoci da yawa suna bari a rage masa gudu ko a sa masa lokacin kashewa, ya ɗauke da ƙarfe 10 na dare misali, wanda ni a ganina alheri ne ga yaran da ke da makaranta da safe. In kalmar ta sake yawo, ita kaɗai za a canja, taku ba ta motsa ba. Wasu za su ce a toshe wayoyin ɗaya bayan ɗaya ta lambar jikinsu. Wahalar banza ce, domin wayoyin yanzu suna iya sauya wannan lamba.

In kuma a cikin samarin akwai ɗalibin da kuka san karatu yake yi, kuna da ikon ku kira shi ku sa masa na baƙin da hannunku. Kun bayar kuna sane, ladan naku ne, kuma kun san iyakar abin da ke fita.

TAMBAYA: Ina da tsohon modem tun zamanin Vodafone, mai shigar wayar tarho. Zai iya ƙara mini waifai a ɗakin karatu? — Malamin makaranta, Tafo Zongo

AMSA: Malam, wannan na layin tagulla ne, gadon Ghana Telecom, wanda Vodafone ta sayi kashi 70 nasa a 2008 kafin Telecel ta karɓa a 2023. Ɗan ƙaramin ramin tarhon ba shi da sauran aiki a wurinku, amma in yana da ramukan LAN da waifai, zai yi yadda na bayyana wa jikan Alhaji: a kashe DHCP, a ba shi lamba, LAN zuwa LAN. Ku duba tsaronsa tukuna. In WEP kaɗai yake da shi, ku haƙura da shi, an daɗe da sanin yadda ake fasa wannan cikin mintoci. In yana da WPA2, zai ishi karatu da saƙonni.

TAMBAYA: Masta, ina koyar da yara Alƙur'ani ta bidiyo, wasu a Jamus wasu a Ingila. In wuta ta ɗauke karatu ya tsaya, ko da laftof ɗina yana da caji. Kuma wani lokaci jar fitila tana kamawa a akwatin faiba, maigidana ya ce in danna Reset. — Malama, Sawaba

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Ku gaya wa maigida Masta ya roƙi arziki a bar Reset ɗin nan. A akwatin kamfani yana iya goge saitin da suka sa wa layinku, ƙaramar matsala ta koma sai an turo ma'aikaci. Kashewa a kunna daga soket ba laifi, a jira minti biyu zuwa uku ya gama tashi.

Ku dubi rubutun da ke kusa da jar fitilar. In LOS ne, ma'anarsa hasken faiba ba ya isowa. Ko dai zaren ya tsinke a waje, ko an lanƙwasa shi a cikin gida, ko kansa ya saki. Ku bi siririn zaren da ido daga akwatin zuwa bango, ku ga ko kujera ta danne shi ko ƙofa ta matse shi. Gilashi ne, ba ya son lanƙwasa mai kaifi. Kada ku zare shi ku leƙa bakinsa, hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa illa. In ba ku ga komai ba, aikin kamfani ne, ku kira su ku ce LOS ta yi ja, sun san abin da ake nufi.

Wani lokacin kuma fitilu duk kore ne amma intanet babu. Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasar nan da maƙwabtanta suka shiga wahalar intanet. A kwanakin an yi ta kawo mini rautoci lafiyayyu a leda a ce in gyara, wasu an riga an goge saitinsu. Kafin ku taɓa komai, ku tambayi maƙwabta ko nasu yana yi.

Maganar dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, kuma tana da magani mai sauƙi. Akwatin faiba ba ya cin wuta, abin da yake ja bai fi na ƙwan fitila ɗaya na zamani ba ko ya ɗan ɗara, wajen wat 10. Akwai ƙaramin batir da ake yi don rauta, masu shago suna ce masa mini UPS. Yana zama tsakanin soket da akwatin, in wuta ta ɗauke ya ci gaba da ba shi ba tare da ya mutu ba, yana kuma riƙewa awanni gwargwadon girmansa. Ku je da cajar akwatin kasuwa, ko hoton rubutun jikinta. Yawancinsu 12V ne, wasu rautoci 9V, kuma dole bakin wayar ya dace da ramin. In akwati biyu kuke da su, na kamfani da rauta, ku sayi mai baki biyu, domin in ɗaya ya mutu ɗayan ba shi da amfani. Shi zaren faiba ba ya dogara da wutar gidanku, muddin na'urorin kamfani suna da tasu, haske yana nan yana zuwa.

Dawowar wuta ta fi ɗaukewarta kashe caja, don haka batirin ma a sa shi a bayan soket mai kariya, irin wanda ake sa wa firiji mai ɗan jira kafin ya saki wuta. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma wajen Satumba da Oktoba, in hadari ya taso da tsawa ku zare filogin daga bango, batirin zai riƙe ku har ku ƙarasa darasi. In akwai wayar LAN da ta ratsa tsakar gida zuwa wani sashe, ita ma a zare ta har hadarin ya wuce, domin tagulla ce, tsawa tana iya biyo ta.